Kwanso Hamsin Masu Sheƙi

Shekara tara a jere Merv Haddrick yana ɗaukar kofin ƙungiyar maharban garinsu, can cikin karkarar Queensland, kuma dokar ƙungiya ta ce wanda ya ci sau goma ya tafi da shi gida ke nan. Har ya kafa katakon da zai ɗora shi a falo. Sai ga matarsa Noeline, wadda shi da kansa ya koya wa riƙon bindiga shekara uku da suka wuce, ta fara zuba harsashi a tsakiyar allo daga yadi ɗari tara kamar da hannu take ajiyewa.

Abin ya tsaya wa Merv a rai. Kishi ne tsagwaronsa, ba shi da wani suna. Ga Clarrie mai rubuta maki, wanda bakinsa ba ya hutawa, kullum sai ya tambaye shi yaushe zai ajiye bindiga ya koma riƙe wa uwargida laima. Merv ya yi dariyar yaƙe.

Shi ke haɗa musu harsashi su biyun, don bindigoginsu iri ɗaya ne. Ranar Alhamis da hantsi ya shiga rumfarsa ta bayan gida, ya fara da nasa kwanson harsashi guda hamsin. Ya wanke su, ya gasa wuyan kowanne a wuta don tagullar ta yi laushi, ya shafa mai ya matse su, ya datse tsawonsu daidai wa daida, ya ɗora a sikeli ya fitar da duk wanda ya saɓa. Ko gogewa bai yi ba, don a wurinsa sheƙi ba ya harbi.

Da ya zo kan na Noeline, sai hannunsa ya tafi ga gwangwanin tsofaffin kwanso. Na kamfani kaza da na kamfani kaza, wani wuyansa ya sandare, wani ya saki. Ba abin da zai fashe mata a fuska, rashin imaninsa bai kai nan ba. Warwatsuwa kawai za su yi a allo. Don kada ta gane, ya zauna ya goge su ɗaya bayan ɗaya har suna ɗaukar ido. Yana cikin haka ta shigo da shayi, ta tsaya tana kallonsa yana ta murza, ta dafa kafaɗarsa ta fita. Ko ɗago kai ya kasa yi.

Ranar Asabar, ranar gasar, shi aka fara kira. Ya kwanta, ya buɗe koren akwatinsa, idonsa na kan tutocin da ke nuna inda iska ke kaɗawa, hannunsa na ɗauko harsashi da kansa. Na farko ya tafi sama. Na biyu ya faɗi ƙasa. Clarrie ya ce ko dai zomo yake nema a bayan allon. A na huɗu ne Merv ya zare kwanson ya dube shi, ya gan shi yana sheƙi a rana. Agogo na tafiya, ba damar tashi, haka ya kwanta ya harbe sauran, yana sane da inda ya tsinto kowanne.

Noeline kuwa ta zuba nata cikin wurin da bai fi tafin hannu ba.

Ana gasa nama a gindin bishiya ta zo ta zauna kusa da shi, kofin a cinyarta, fuskarta duk damuwa. Ta ce ita fa ba ta gane abin da ya faru ba.

“Na ga irin wahalar da ka sha a kan nawa, tsohona, naka ko gogewa ba ka samu ka yi ba. Na ce wannan shekararka ce. Shi ya sa na zuba maka masu kyan a akwatinka, na ɗauki naka.”

Merv ya dube ta, ya nemi alamar zolaya ko ta sani a idonta, bai samu ba. Da ya samu ma da ya fi masa sauƙi.

Da suka koma gida ta tambaye shi inda za ta ajiye kofin. Ya nuna mata katakon.