Gwiwoyin Lantana

Jiya da dare, bari ku ji irin mafarkin da na yi.

Na tsinci kaina a wani gari da rana tsaka, ruwan sama na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Da ciwon gwiwata na je, don shi ko a mafarki ba ya barina. Matan garin in sun ji ƙishi sai su ciro ƙoƙon gwiwarsu, su ɗebi kunu su sha, su ɗauraye su mayar. Na ciro nawa, ashe a tsage yake, yana yoyo.

Sai ga ni a filin ƙwallo. Wa zan gani? Lantana, ƙawata da aka yi sunanmu mako ɗaya, shekara saba'in da ɗoriya. Ta ci ɗamara da gyale tana yanke samari, jama'a sai ihu suke. Ni kuwa sai na dafa bango kafin in miƙe.

Ta wuce ta gabana a guje. "Delu, ba kya shigowa?"

"Ina azumi," na ce.

Sai ga ni a ofishin gwiwa. Wata akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana cinye takardun da aka kawo ta sa wa hannu.

"Iya, me ke tafe da ke?"

"Ƙarfin gwiwa nake nema, ranki ya daɗe."

Ta taso ta dafa kafaɗata. "Ki daure. Ke jaruma ce. Muna tare da ke." Ta koma ta zauna. "An ba ki. Na gaba!"

"A'a, ba wannan ba! Na ƙashi da jijiya nake nufi, irin na Lantana."

Ta haska gwiwata da tocila. "Guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. To, irin nata kike so, ko nata?"

Na duba hagu, na duba dama, ba kowa sai fanka.

"Nata."

Ta buga hatimi da kofato, aka yi musanya nan take.

Kai, daɗi! Na yi tsalle uku. Amma gwiwoyin nan hanyar mai su kawai suka sani. Suka kai ni kasuwa, suka kai ni barka gida biyu, ta'aziyya gida ɗaya. Suka durƙusar da ni gaban mutanen da na shekara goma ba na gaisarwa. Ina cewa mu huta, suna ƙara sauri.

Can sai suka shiga da ni gidana. Ga Lantana a kan kujerata, ƙarƙashin lemo, ta miƙe ƙafafu da gwiwoyina a kumbure. Jikokina na mata fifita, surukata ta kawo mata farfesu, maƙwabta na layi: "Sannu Iya, ya jiki?" Ita kuma tana ɗan nishi mai kyau, a hankali. Wallahi har ciwon ya fi yi mata kyau.

Gwiwoyin suka zube da ni a gabanta, kamar yadda take zubewa a gabana kullum tana shafa min gwiwa, ga man zafi a hannuna.

"Ƙasa-ƙasa, Delu, nan wajen," ta ce. "Ashe haka kike jin daɗi, ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Ba ni kayana!"

"Sai kin gama ɗayar."

Na yunƙura, gwiwoyin suka ƙi tashi. Ta kai cokali baki, tsoka ce ma babba.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni, kwar-kwar-kwar. Na shafa gwiwata, tana nan da ciwonta.

Da hantsi Lantana ta zo duba ni, ta nufi kujerar. Na ce a shimfiɗa mata tabarma.