Ranar da Aka Karɓi Ƙwallo a Hannun Rilwanu

Idan aka tambayi Alhaji Halliru sana'ar ƙaninsa Rilwanu, sai ya taɓe baki ya ce, "Jifa yake yi." In mai tambayar ya nace, yakan ƙara da cewa wasu ne suka rasa abin yi da dukiyarsu, suka ɗauki ƙato mai furfura a gemu suna biyansa ya riƙa jifa da hannun da ake tsarki da shi.

Rilwanu bahago ne, kuma hagun nan ce ta fitar da shi duniya. Yana yaro aka tura shi Ilori wurin kawunsu soja. A can wani Bajapane mai koya wa yara wasan besbol ya gan shi yana jifan mangwaro, ya ce irin wannan hannun tsada gare shi. Hannun da Inna ta gaji da makewa a bakin kwano a Fagge! Daga nan ya shiga yawo: wata 'yar ƙungiya a ƙauyen Japan, sai Jamus, sai Ostareliya, sai wani gari a Meziko da Halliru bai taɓa wahalar da harshensa wajen faɗin sunansa ba. Babu inda ya daɗe. A ɗauke shi in an rasa bahago, a sallame shi in an samu wanda ya fi shi ƙuruciya. Ba mata, ba fili, ba ko akuya. Abin da ya tara a duniya jaka ɗaya ce cike da riguna masu lamba a baya, kowacce da sunan garin da ya gaji da shi.

Yanzu ga shi a Dubai, a miƙe a falon Halliru a Abu Hail, kullum da ƙunshin ƙanƙara a kafaɗa. Wata sabuwar ƙungiya ce ta kira shi gwaji, kuma wasan ranar Asabar shi ne na ƙarshe: ko su ba shi kwantiragi da biza, ko ya tattara. Ya doshi arba'in, shi da bakinsa ya ce bayan wannan babu sauran mai kiransa. Halliru kuwa addu'arsa ɗaya, Allah ya sa su kore shi. Akwai kujera tana jiransa a siton kagon Halliru na Al Qusais, inda maza ke ɗaure kaya suna cika kwantena zuwa Kano, aikin da mutum zai faɗa a gaban surukai bai sunkuyar da kai ba.

Ranar Asabar da safe suna shan shayi, Rilwanu ya miƙo masa kati.

"Yaya, na sa sunanka a matsayin baƙona. Amma bari in gaya maka yadda abin yake."

"Au, kallon jifan ma sai an yi masa karatu?"

"Ba da ni za a fara ba. Akwai wani ƙato a wancan ɓangaren, shi ma ta hagu yake bugu, saboda shi aka ajiye ni. In ya fito a lokacin da abu ya ƙwaɓe, za a kira ni. Mutum ɗayan nan shi ne aikina. In na fitar da shi na gama, sai koci ya zo..."

Wayar Halliru ta yi ƙara, wata kwantena ce ta maƙale a tashar jirgin ruwa. Ya ɗaga wa ƙanin hannu, "Khalas, na ji," ya shige ɗaki yana faɗa da ejan.

Bayan la'asar ya ɗauki abokinsa Maharazu, mai sayar da wayoyi a Deira, don mutum ba ya zuwa kallon shirme shi kaɗai. Suka zauna a layin gaba, kusa da wani ɗan gajeren shinge. Wasa ne na malalata, a ganin Halliru. Mutum ɗaya ya hau ɗan tudu ya yi jifa, wani ya kai duka da sanda, sauran suna tsaye a ciyawa suna susa. A jefa, a tsaya, a gyara hula, a tofar da yawu. Jama'ar ma ba ta kai ta ɗaurin auren talaka ba.

"Ina namu yake?" in ji Maharazu.

Halliru ya nuna da haɓa. Can ƙarshen fili, a wani keɓaɓɓen wuri, Rilwanu na zaune a benci yana ɓare wasu 'ya'yan itace da haƙori yana furzar da ɓawon.

"To shi yaushe zai yi aikin?"

"Aikin ke nan kake gani. Shekara ashirin yana yinsa."

Rana ta yi sanyi sosai kafin abu ya canza. Halliru bai fahimci me ya faru ba, ya dai ga 'yan ɗaya ɓangaren sun cika kusurwoyin fili, 'yan kallo sun miƙe, wani baƙin ƙato mai wuyan bijimi ya fito yana kaɗa sanda. Sai aka kira sunan Rilwanu a lasifika, aka murɗe shi yadda ko Inna ba za ta gane ɗanta ake nufi ba. Ya taho da ɗan gudunsa na mai ciwon gwiwa, ya hau tudun.

Jifan farko ya tafi a sanyaye, ya lanƙwashe a hanya. Ƙaton ya kai duka ya sami iska.

"Wannan ne jifan?" Halliru ya yi tsaki. "'Yata Ramlat ta fi shi ƙarfin hannu."

Na biyu ƙaton ya tsaya yana kallo, alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Na uku ya zo kamar zai bugi ƙirjinsa, ya faɗi ƙasa-ƙasa, ƙaton ya kai duka ya juya har ya durƙusa. Fili ya ɗauki ihu. Halliru bai san ko na yabo ne ko na tsiya ba, bai kuma ga dalilin da zai tambaya ba.

Sai ga kocin ya fito, wani jan bature mai tumbi, da ƙyar in ya girmi Rilwanu. Ya taka har tudun, ya buɗe tafin hannu. Rilwanu ya ɗora masa ƙwallon. Baturen ya nuna masa hanyar fita, kuma da Rilwanu ya juya, sai ya ɗaga hannu ya daka masa duka a ɗuwawu, tas, a gaban kowa.

"La'ilaha illallahu!" Maharazu ya riƙe baki. "Alhaji, a ɗuwawu? Ɗan Malam Hadi? Jifa uku kacal a ƙwace abu a hannunsa kamar yaro, a kore shi, sannan a bi shi da wannan?"

Abin da Halliru ya zo gani ke nan, kora. Amma ransa ya ɓaci ɓacin da bai taɓa yi ba. Shi zai iya kiran Rilwanu sakarai safe da yamma, uwa ɗaya ta haife su. Wani baturen banza mai gajeren hankali kuwa bai isa ba. Bai san lokacin da ya tattare jallabiya ya tsallake shingen ba. Ya ratsa ciyawa takalmi ɗaya a ƙafa, ya cafki wuyan rigar baturen ya jijjiga shi, yana zazzaga masa Hausa da Larabci da duk Turancin da ya sani.

"Yaya! Yaya, don Allah!" Rilwanu ya dawo a guje yana ɓamɓare masa yatsu.

Aka tsayar da wasa. Masu gadi suka yi caa a kansa, wayoyin 'yan kallo duk suna sama. A ofis aka zaunar da shi kamar ɓarawon takalmi, har 'yan sanda suka zo. Kocin ya ce ba ya son ƙara, aka sa Halliru ya ba da haƙuri, ya bayar ta saman leɓe. Ta gilashi ya hango wani matashi mai kwat ya ja Rilwanu gefe. Ya yi magana a taƙaice, ya nuna ofishin da hannu, ya girgiza kai, ya miƙa masa hannu suka gaisa.

Maharazu ya sulale tun tuni ya hau jirgin ƙasa na metro. Su biyu suka shiga mota, jakar a kujerar baya. Sun yi nisa, Halliru na ta huci.

"Gara da aka yi haka," ya ce daga baya. "Ai gobe ba zai sake taɓa ɗan mutane ba. Mutumin da ya kore ka a bainar jama'a..."

"Ba korata ya yi ba, Yaya."

"Na gani da idona."

"Na fitar da mutumin, aikina ya ƙare, shi ne ya zo karɓar ƙwallo ya ba na gaba. Haka ake yi ko'ina. Dukan nan kuma sannu da aiki ne." Rilwanu yana kallon titi, muryarsa ba faɗa a ciki. "Da ya karɓa, ce min ya yi in zo ofis ranar Litinin in sa hannu. Na daɗe ban yi jifa irin na yau ba."

Halliru ya manta a bakin danja yake. Motar baya ta yi masa hon, fitila ta daɗe da ba shi hannu.

"To ai sai ka je Litinin ɗin. Ni zan je in same su, in ce..."

"An fasa, Yaya. Sun ce suna da wani bahago ɗan Benezuwela, yaro ne, kuma shi ba shi da ɗan'uwa a garin nan."

Suka wuce masallacin unguwa ana kiran isha'i. Halliru ya yi fakin a ƙofar gida, bai kashe motar ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai saba da ita ba, kuma babu wanda zai ɗora wa laifin ko da ya duba. Rilwanu ya fita ya ɗauko jakarsa, sannan ya sunkuyo ta taga cikin ladabi, yadda ma'aikatan Halliru ke yi masa magana.

"Alhaji, ƙarfe nawa ake buɗe sito?"