Lambar da Ta Ƙi Sauka

Malama tana tsaye gaban allo tana koya wa 'yan aji biyar lissafin rabawa, sai shugabar makaranta ta leƙo ta yafito ta. Wai mijinta ya faɗi a wurin aiki, an wuce da shi asibiti.

Mijin nata kafinta ne mai rufin kwano, kowa Dogo yake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana yawo a kan katakon rufi kamar mai zagaya tsakar gida, don haka duk tsawon hanya karaya take hangowa a ranta. Da ta isa ɗakin gaggawa ta tarar ko ƙwarzane babu a jikinsa. Yana kwance an ɗaura masa ruwa, leɓɓansa sun yi fari fat.

Abokin aikinsa ne ya ba ta labari. Sun ɗaga wani tsohon kwano, ashe gidan rina ne a ƙarƙashi. Guda ɗaya tak ta harbe shi a wuya. Ya yi dariya, ya ce gaisuwa ce, ya sauko tsani da ƙafarsa zai sha ruwa. Bai kai ga jarkar ba ya zube, idanu suka juye.

Likitar da ta karɓe shi gajeruwa ce mai gilashi, ba ta ɓata baki. Ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, allurar adiranalin ce ta dawo da shi, sai da aka yi masa sau biyu.

"Abin da bai kwanta mini ba," in ji ta, "babu borin jini, babu kumburi ko kaɗan. Mutum kawai ya sulale. Na ɗebi jininsa cikin awa biyu, akwai abin da nake so a auna. Ku dawo bayan mako guda a sake ɗiba, lokacin da jikinsa ya huce."

Kwana biyu aka sallame shi. Dogo ya koma cin abinci kamar ba shi ba, yana ba masu dubiya dariya da labarin rinar da ta kayar da ƙato. Da ƙyar Malama ta ja shi aka ɗebi jini na biyu.

Ranar karɓar sakamako likitar ta ajiye takardu biyu a kan tebur, ta juyo da su wajensu. Ta ce akwai wasu ƙwayoyi a jikin kowa, likitoci na kiransu mast, suna zaune a fata da hanji da ɓargo kamar masu gadi. Idan dafi ya shigo sai su fashe su zubar da abin da ke cikinsu. Ɗaya daga cikin abubuwan sunansa tiriftes, shi aka auna.

"Ranar da ka faɗi, saba'in da huɗu. Bayan mako guda, ashirin da tara."

"Alhamdu lillahi, ya sauka ke nan," in ji Dogo, har ya fara laluben hularsa.

"Zauna tukuna. Muna da ƙa'ida. A ɗauki na lokacin lafiya, a ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar, a ɗora biyu. Idan na ranar faɗuwa ya wuce haka, to ƙwayoyin nan ne suka yi bori."

"Talatin da shida ɗigo takwas," Malama ta ce tun kafin likitar ta ɗauki biro.

"Malamar lissafi ce," in ji Dogo. "Ko gishiri ba a satar mata."

Likitar ta murmusa kaɗan, murmushin bai daɗe ba. Ta ce saba'in da huɗu ya wuce nesa, wannan ya tabbata, kuma ba shi ne damuwarta ba. Ta ɗora yatsa kan takarda ta biyu. Mafi yawan mutane idan suna lafiya ba sa wuce goma sha ɗaya. Wanda ya haura ashirin yana zaune lafiya lau, sai a tambayi dalili. An duba ƙodarsa, ƙalau take, ba daga nan ba ne.

Ta ce ya naɗe wandonsa. A cinyoyinsa akwai wasu tabo ƙanana, sun ɗan fi fatarsa duhu, birjik kamar an watsa. Malama ta san su shekara da shekaru, cizon sauro take ɗaukarsu. Likitar ta goga ɗaya da bayan biro, suka zuba ido. Cikin mintuna kaɗan wurin ya tashi ya yi burɗum, Dogo ya kai hannu zai sosa.

"Kakan ji zafi ya taso maka a fuska haka kawai? Gudawa fa, ba dalili?"

Dogo ya dubi matarsa. Ita ce ta amsa. Ta tuna ranakun da yake fitowa daga wanka da ruwan zafi yana dafa bango, da yadda ya daina shan maganin ciwon jiki don yana sa shi jiri. Duk sun ɗora wa rana da gajiya.

Likitar ta ce hanya biyu ce. Akwai gidajen da ake haihuwarsu da lambar a sama, gado ne kamar tsawo, da yawansu har su tsufa ba su sani ba. Ɗaya hanyar kuwa, ƙwayoyin ne suka yi yawa suna taruwa a ɓargo. Ta ce a kawo mahaifiyarsa ko 'yan'uwansa a auna, ko da yake da waɗannan tabon, ko me aka samu sai ta leƙa ɓargon.

Malama ba ta riƙe ƙarshen maganar ba. Gado kawai ta ji, ta rungume shi. Mahaifin Dogo ya rasu tuntuni. Saura mahaifiyarsa Inna da ƙaninsa Auta mai tumbi, direban babbar mota, wanda ba ya haɗuwa da matar wansa ba su yi tsiya ba.

"Yanzu ke addu'a kike a samu cuta a jinina?" in ji Auta a layin ɗibar jini. "Na daɗe da sanin ba kya ƙaunata."

"In an samu jini a jikinka ma ai an yi sa'a. Ni na ɗauka mai ne zalla."

Suka yi dariya, Inna ta ce su yi wa mutane shiru. Amma gaskiya ya faɗa. A sujada Malama takan kama kanta tana roƙon Allah Ya sa lambar tsohuwa ta zo a sama, sai kunya ta rufe ta, ta yi istigfari, ta sake roƙa.

Kwana goma sakamakon ya fito. Inna biyar. Auta huɗu. Malama ta tsaya a barandar asibiti da takardun, ta ce ai saura ɓangaren mahaifinsa. Likitar ta ce haka ne, ana iya duba wannan a jinin Dogo kai tsaye. Aka duba, babu gadon.

An ɗebi ɓargon daga ƙashin ƙugunsa wata safiyar Talata. Tana zaune a waje tana jin ƙarar keken marasa lafiya, ba ta ji ko tarinsa ba. Da ya fito yana ɗingishi ya ce mata sun fi shi iya huda katako.

Ƙwayoyin suna nan, curi-curi. Likitar ta faɗi sunan ciwon, mastositosis, ta rubuta musu a takarda. Ta ce nasa mai tafiyar hawainiya ne, mafi yawan masu irinsa suna cika kwanansu da shi, ba ya taɓa musu hanta ko saifa ko jini. Ba a raba mutum da shi, sai dai a zauna da shi da dabara. Ta ba shi ƙwayoyin sha kullum, da allurai biyu na adiranalin masu kama da biro da zai riƙa yawo da su, ta tura shi inda za a riƙa yi masa allurar da za ta sa jikinsa ya saba da dafin rina. Ta ce ko haƙori za a cire masa, ya fara faɗa musu.

"Rufi fa?" ya tambaya.

"Idan rina ta same ka a sama, wa zai sauko da kai?"

Daga ranar ya bar hawa sama. Ya koma yanka da auna katako a ƙasa, yana ɗaga kai yana yi wa na sama ihu cewa layinsu ya karkace. Malama ta koyi soka allurar a cinya ta cikin wando, ta koya wa Auta da abokan aikinsa.

Bayan wata shida lambar ta zo talatin da ɗaya. Likitar ta ce wannan ba komai ba ne, takan ɗan yi rawa. Bayan shekara ta zo arba'in da huɗu.

"Lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci," in ji likitar, ba tare da an tambaye ta ba. "Hau gado."

Dogo ya kwanta ya ɗage riga. Ta sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, inda saifa take, ta ce ya ja numfashi. Ya ja. Ta ce ya sake. Malama ta lura wancan zuwan sau ɗaya aka yi wannan, yau an yi huɗu.

"Belinka fa? Na ga an huda sabon rami. Ramewa kake yi?" in ji likitar.

"Ya saki ne," in ji Dogo.

Likitar ta wanke hannu, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta rubuta takardar hoton ciki, ta ɗauki katin asibitinsa, ta soke wata shida da ta saba rubutawa, ta sa mako uku.