Gilashin Goggo Mai Jan Zare

Auta ba ta da ɗakin zane. Abin da take da shi wani siririn lungu ne tsakanin falo da kicin, inda duk mai wucewa sai ya karkata kafaɗa kar fenti ya shafe shi, kuma duk wanda ya karkata sai ya tofa albarkacin bakinsa. A nan ta jingine allon zanenta kan wata gurguwar kujera, daidai inda take hango Goggo ta ƙofar ɗakin ɗinki.

Goggo ƙanwar babansu ce, tela ce, kuma tun kafin a haifi Auta take gidan. Goggon ce Auta ke zanawa ba tare da ta sani ba: a sunkuye kan keken ɗinki, allura tsakanin leɓɓanta, babban yatsanta ya yi kanta, ga gilashin nan da hannunsa ɗaya ya karye ta ɗaure shi da jan zare.

Wata rana sai ga wata mata da ke kawo wa Goggo ɗinki, wadda kowa ke ce wa Anti. Tana da wani zaure inda ake baje kolin zane-zane. Ta zo wucewa ta lungun, ta karkata kamar kowa, sai ta tsaya cak.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Auta.

Anti ta daɗe tana kallo. "Ki ƙarasa hannuwan da bangon. Fuskar nan kuwa kar ki ƙara taɓa ta. Ƙarshen wata zan rataye aikin sababbin masu zane, akwai ƙusa ɗaya da ba ta da mai ita. Taki ce."

Auta ta jima tana mafarkin irin wannan ƙusa. Ta kasa riƙe bakinta, kafin a sauke tukunya duk gidan sun ji.

Goggo ce ta fara zuwa, tef ɗin awo a wuya. Ta leƙa, ta ja da baya.

"Au, ni ce wannan? Da wannan gilashin za ki kai ni bainar jama'a? So kike a ce 'ya'yan yayana sun bar ni ina ɗaure ido da zare?"

"Goggo, ai zaren ne ya..."

"Zaren ne ya me?"

A littattafan da Auta ta karanta akwai kalmomi masu yawa na kare irin wannan zare. Ba ko ɗaya da ta yarda ta fito a gaban Goggo. Ta ɗauki burushi ta shafe zaren. Ɗan abu ne, ta ce a ranta, ba fuskar ba ce.

Washegari Yaya ya fito zai tafi aiki, yana cusa riga a wando. "Ke sarkin karatu, mene ne wannan a bakinta? Sai ka ce mai cin ƙarfe. Cire allurar nan kafin a ce yunwa muke gana mata."

Ta cire allurar. Da ta cire, leɓɓan suka zauna a matse ba dalili, sai Baba ya gani yana wucewa.

"Me ya sa ta ɗaure fuska haka? Dukan mutane ake yi a gidan nan? Sa mata murmushi, uwata."

Baba ba ya kiranta uwata sai in yana alfahari da ita. Ta yaya za ta ce masa a'a? Ta sa murmushi.

Umma kuma tausayi ne ya kawo ta. "Haba Auta, duk wannan tamojin a goshi? Ki ɗan rage mata shekaru mana, baiwar Allah ta sha wahala." Matar Yaya ta kawo sarƙarta da 'yan kunne ta ajiye kusa da gwangwanin kananzir na wanke burushi, wai ko za a ɗan duba a kwaikwaya.

Ba wanda ya yi mata tsawa. Da tsawa ce ma da ta fi sauƙi. Kowa da fara'arsa yake zuwa, kowa abu ɗaya tak yake roƙo, lungun kuma ba shi da ƙofar da za a rufe. In ta juya allon ya kalli bango, sai a juyo shi. In ta lulluɓe shi da zanen ɗaurawa, sai Umma ta ɗauke, wai kar fenti ya ɓata mata kaya. Auta ta riƙa rarrashin kanta cewa Goggon gaskiya tana nan a ƙasa, ranar ƙarshe za ta kankare na sama ta fito da ita.

Da wata ya kusa ƙarewa, gidan ya yi shiru bayan azahar, ta ɗauki 'yar wuƙar fenti ta gwada a gefen goshi. Fentin ya riga ya bushe ya haɗe. Na sama ya taso tare da na ƙasa, farin ƙyallen allon ya leƙo. Ta cike gurbin da launin nan mai santsi da Umma ke so.

Anti ta zo da mota da tsohon bargo na naɗe allo. Duk gidan suka cika lungun. A kan allon wata mata ce mai sheƙi, da gilashin zinariya da sarƙa, tana murmushi ga kowa.

"Wace ce wannan?" in ji Anti.

"Ni ce mana!" Goggo ta ce, tana gyara ɗankwali. "Kin ga ko ke ba ki gane ni ba."

Aka yi dariya. Anti ma ta ɗan murmusa, sannan ta dubi Auta. "Kin ɗauki hoton na farkon a waya?"

Auta ta girgiza kai.

Anti ta ninke bargon ta saƙale a hammata. "Wannan na gida ne, ku rataye a falo. In kin sake ganin waccan matar, ki zano min ita. Ƙusar dai ba za ta jira ba."

A ranar Yaya ya kafa tasa ƙusar a falo, saman talabijin. Kafin mako ya zagayo dangi sun fara turo hotunansu. Wannan a rage mata kumatu, wancan a mayar masa da gashi. Umma tana amsa waya tana cewa, "Ai Auta ba ta ƙin mutane, ku dai turo."

Wata safiya Auta na wanke burushi, ta ɗaga kai. Ga Goggo a sunkuye kan keke, hasken taga a gefen fuskarta, allura a baki, jan zaren yana nan inda yake. Auta ta riƙe numfashi. A hankali ta miƙa hannu ta jawo takarda da fensir.

Takardar ta yi ɗan motsi. Keken ya tsaya.

Goggo ta zare allurar, ta cire gilashin ta tura ƙarƙashin yadi, ta miƙe zaune ta buɗe haƙora.

"Yauwa, 'yar albarka. Haka ya yi, ko in ƙara juyowa?"

Auta ta dubi farar takardar, ta dubi lungun, hagu falo, dama kicin.

"Ya yi, Goggo," ta ce.