Takalma a Tsakiyar Katifa

Ƙafar Duane Hoekstra, kocin kokawa na makaranta, ita ce ta jawo komai. Babban yatsansa ya kumbura tun safe, shi kuwa irin mutanen nan ne da ko za su mutu ba sa cewa suna ciwo. Haka ya ɗaure takalman kokawarsa, ya tsaya gefen katifar da ake kokawa a kai yana yi wa 'yan makarantarsa ihu har aka gama gasar Asabar ɗin. An kuwa lallasa su.

Bayan karawar ƙarshe ya shiga tsakiyar katifa ya goge jinin haɓon da wani ɗan wasa ya bari. Yana miƙewa yatsan ya ce bai san zance ba. Nan take ya kwance takalman, ya bar su a wurin, ya ɗingisa da safa zuwa ofis neman ƙanƙarar da zai ɗora wa yatsan.

Da ya dawo sai ya tarar da zauren duka a tsaye, ana tafi. Ya waiwaya, ba kowa a bayansa. Manoman da suka tsufa suna zaginsa daga kan benci sun cire huluna don girmamawa. Wata mata ta cusa masa burodin kirfa a hannu tana share hawaye.

"Kashi fa muka sha," ya ce wa mataimakinsa, Curt Zimmerly. "Me ake yi wa tafi?"

Curt ya rungume shi. "Koci, ka shammace mu. Ko ni ba ka gaya wa ba."

"Gaya maka me?"

"Kai dai ba ka rabo da wasa."

Shugabar makarantar, Madam Vandermolen, ta kama hannunsa da hannu biyu. "Kada ka damu da yaran, Malam Hoekstra. Na riga na yi wa Curt magana."

Magana a kan me? Duane ya bi idanun jama'a, sai ga takalmansa su kaɗai a tsakiyar katifa. Sai a lokacin ya gane. Duk ɗan kokawa ya san wanda ya bar takalmansa a nan ya yi sallama da kokawa ke nan har abada. Shi kansa ya yi kuka ranar da tsohon kocinsa ya yi haka. Amma shi ai ƙanƙara ya je nema.

Tsoro ya kama shi, don bai san abin da mutum ke yi da yammacinsa ba in babu atisaye. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne saurin da kowa ya yarda. Ya ɗingisa zai je ya ɗauko takalmansa, sai matarsa Marlys ta sha gabansa.

"Marlys, kuskure ne. Yatsana ne ya..."

"Na sani, tsoho. A kan idona ka cire su."

"To, ki gaya musu mana."

"In gaya musu me? Ni na fara tafin."

Ya tsaya yana kallonta, ƙanƙarar tana ɗiga daga hannunsa. Ba ta yi dariya ba, kuma ba ta matsa ba.

"Yau dai a gida za ka ci abinci," ta ce. "Mu je."

Har suka kai bakin ƙofa ana tafi. Ya yi ta rage tafiya yana sauraro, ko wani zai ce masa ya dawo.