Ƙofar Baya ta Dama

Sau uku Dawuda yana kawo motarsa garejin Mijinyawa a unguwar Moursal, duk kan magana ɗaya: fitilar da ke nuna ƙofa a buɗe take tana kamawa, ƙararrawa ta yi ta tsiwa, alhali ƙofofi a rufe.

Mijinyawa, wanda ake kira Usta, wato babban makaniki, shekararsa ashirin yana gyaran wutar mota, kuma ba ya iya cewa "ban gane ba". Ya danna makunnin kowace ƙofa, ya bi waya da mita har ƙarƙashin kujera, ya kankare tsatsa. Motar kuwa in tana gabansa shiru take, kamar amarya a gidan surukai.

"Usta, in ta fi ƙarfinka ka faɗa, in kai ta wani gareji a Abena," in ji Dawuda, a gaban masu shan shayi.

Maganar ta soki Mijinyawa sosai. Ya tambaye shi yaushe motar take kukan.

"Ranar Alhamis. In zan kai Inna asibiti."

Mijinyawa bai taɓa jin wayar da ta san ranaku ba. Alhamis da safe sai ga shi a ƙofar gidan su Dawuda a unguwar Boutalbagar, ya shiga baya ya zauna.

Hajiya Rakiya, mahaifiyar Dawuda, ta fito ta tattara lafayarta ta shiga baya ta dama. Ta jawo ƙofar a hankali har ta ɗan kama, ba ta ƙarasa ba, ta riƙe ta da hannu biyu. Ana tayar da mota ƙararrawa ta fara.

"Hajiya, ƙofar ba ta rufu ba."

"Na sani, ɗana. In ta rufu ba ta buɗuwa ta ciki. Na gwada sau ɗaya." Ta ci gaba da kallon titi. "Baban Dawuda a mota ya rasu, a hanyar Abeche. Wuta ta kama, ƙofa ta ƙi."

Dawuda ya taka birki. Bai juyo ba.

Mijinyawa ya fita ya zagayo. A gefen ƙofar akwai ɗan maɓallin da ke hana yara buɗewa ta ciki, Dawuda ya ɗaga shi tun bara saboda 'ya'yansa. Da farce Mijinyawa ya mayar da shi.

"Rufe da ƙarfi, Hajiya. To, buɗe."

Ta rufe, ta buɗe. Ta sake. Sau biyar tana yi, mai babur a baya yana ta oda, ba wanda ya ce mata ta yi sauri. Sannan ta rufe, ta ɗora hannayenta a cinya.

"Mu je, kada likita ya tashi," ta ce.