Gadon da Ya Ƙi Sauka

Su uku ne a gidan, cikin ɗaki biyu na haya a Sabon Garin Gusau: Luka, da matarsa Dibora, da 'yarsu Alheri mai shekara goma sha biyu. Luka robobi yake sayarwa, bokitai da baho da kofuna da kulolin abinci. Yakan loda su a tsohuwar motarsa ta bas, ranar kasuwar Bungudu ya nufi Bungudu, ranar ta Tsafe ya nufi Tsafe, ya kuma yi ƙoƙarin dawowa da sauran rana, don hanyar yanzu ba ta tafiyar yamma ba ce.

Dibora a da tela ce. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tana magana, amma a hankali. Ba ta tashi sai an ɗaga ta. Luka kuwa ba ya iya ɗaga ta, domin tun da wani lodi ya murɗe masa baya likita ya hana shi ɗaukar ko jarkar ruwa. Abinci akwai daidai gwargwado. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna da Dibora da rana. Matan zumunta na cocinsu sun yi wata shida suna karɓa-karɓa har suka gaji, ba kuma wanda ya ga laifinsu. Sai aikin ya faɗo kan Alheri. Ita ke juya uwar, ita ke ba ta abinci, ita da maƙwabciyarsu Comfort ke ɗaga ta a yi mata wanka. Zango biyu ke nan ba ta taka makaranta ba. Shugabar makarantar ta aiko cewa idan aka dawo hutu ba a ga Alheri ba, za a ba wata gurbinta.

Luka ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya tuƙa motar zuwa Tudun Wada, wurin Labbo mai walda.

Labbo dattijo ne siriri, mai gilashin walda a goshi ko da yana cin abinci. Ya saurari bayanin yana sosa gemu. Luka so yake a yi gado a cikin motar. Gadon ya sauko ƙasa daidai bakin ƙofa a kwantar da Dibora, sannan ya tashi sama daidai taga, a shirya kaya a ƙarƙashinsa. Haka za ta riƙa binsa kasuwa, yarinya kuma ta koma aji. A Bungudu akwai Suwaiba mai abinci da ta yarda ta riƙa kula da ita, a Tsafe kuma akwai wata 'yar cocinsu.

"Malam Luka," in ji Labbo, "ɗaki kake so in gina maka cikin wagga akwala? Sai ka ce in haɗa maka da madafa."

"In ka iya, haɗa."

"To wa zai ɗaga gadon da mutum a kai? Kai da bayanka ya yi ritaya?"

"Shi ya sa na zo wurinka. Inji nake so ya ɗaga."

Labbo ya leƙa cikin motar, ya auna da taƙi, ya ƙwanƙwasa daɓenta da ƙafa. "Taho gobe in ka taso kasuwa," ya ce. "Amma ban yi maka alkawarin komi ba."

Mako uku suka yi. Kullum Luka ya dawo daga kasuwa sai ya sauke kaya a gida ya wuce Tudun Wada, ya zauna a kan benci yana dafe da ƙugu, Labbo yana yanka ƙarfe. An cire kujerun baya. An kafa ginshiƙai huɗu masu kwari a ciki, inda kusurwoyin gadon za su riƙa bi. A can sama Labbo ya gitta bututu, ya ɗaura masa bel huɗu irin na kujerar mota, kowanne ya sauko ya kama kusurwa guda. Idan bututun ya juya sai ya naɗe bel ɗin, gado ya tashi. Abin da zai juya bututun shi ne ya ba su wahala. Injin waifa mai share gilashi na ƙaramar mota da suka fara sawa ya yi hayaƙi a gwaji na biyu. Suka nemo na babbar mota a wurin 'yan gwangwan, suka haɗa shi da sarƙar babur. Sarƙar ta riƙa zamewa, aka sake gyara zamanta. Da hakan ya daidaita, sai suka zaga gari da motar, gadon ya dinga kaɗawa yana ƙara kamar an zuba cokula a kwano.

"Mai lafiya ma ba ya kwanta bisa wanga," in ji Labbo. Ya yanko robar tsohuwar taya ya cusa a kwarin ginshiƙan, gadon ya matse, ƙarar ta mutu.

Amma daga nan gadon ya daina saukowa in ba kowa a kansa. Labbo bai damu ba. Ya ce inji ja kawai yake yi zuwa sama, saukowa kuwa nauyin wanda ke kwance ne ke kawo shi, inji yana sakin bel a hankali. "Ai ba fanko zai riƙa yawo ba. Uwargida nauyinta ya kai mi?"

Luka ya yi dariya, wadda ya daɗe bai yi ba. "Dibora? Ran da na goya ta a babur zuwa 'Yandoto, tayar baya har kwanciya ta yi. Ta kusa buhun masara."

Suka aro buhun masara a wurin wani mai hatsi, majiya ƙarfi biyu suka ɗora shi. Gadon ya sauko sumul. Ya hau, ya sauko, sau goma ba gardama.

Ranar Juma'a da yamma Luka ya kawo motar ƙofar gida da buhun a kan gadon, don iyalinsa su gani. Alheri da Comfort suka fito da Dibora suka zaunar da ita a kujera. Luka ya danna makunni, inji ya yi gurnani, buhu ya tashi.

"Baba, buhun na mene ne?" in ji Alheri.

"Mamanki ce wannan."

Dibora ta karkata baki ta yi murmushi. "Baban Alheri, shekara goma sha biyar da aure, ashe buhu ka ɗauke ni."

"Buhun ma na sabuwar masara."

Alheri ta dubi buhun, ta dubi wuyan hannun uwarta da ke kan zane. Ba ta san abin da nauyi zai yi wa gado ba, kuma ga ubanta yana dariya. Sai ta gyara wa uwar zanen.

Washegari Asabar suka tafi gwaji Bungudu su uku. Samari suka sauke buhun, Alheri da Comfort suka kwantar da Dibora, aka sa mata filo biyu, aka ɗaure ta da zane a ƙugu. Gadon ya tashi har fuskarta ta zo daidai taga. Aka cika ƙarƙashinsa da robobi. Alheri ta kife bokiti ta zauna kusa da ƙofa.

Da farko Dibora ta yi ta kallo. Rabonta da ganin gona tun kafin ciwon. Ta ce dawa ta yi kyau bana. Amma da suka fita gari aka fara shiga ramuka, sai maganarta ta ɗauke. Duk sanda taya ta faɗa rami, Alheri na ganin yadda take runtse ido, tana damƙe bakin katifa da hannunta mai lafiya.

"Maman Alheri, yaya dai can sama?" Luka ya tambaya daga gaba.

"Lafiya lau. Kamar matar gwamna."

A kasuwa Suwaiba ta riga ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumfarta. Mace ce mai jiki da fara'a. "Sannu da zuwa, amarya! Yau dai mun ga wadda ake ta ba mu labari." Salisu, mai rumfar takalma kusa da Luka, ya taya su fitar da kaya. Da ƙarƙashin gado ya zama fili, Luka ya danna makunni.

Inji ya yi gurnani. Bututu ya juya. Bel huɗu suka saki, suka yi laƙwas suna lilo. Gadon bai motsa ba.

Ya sake dannawa. Bel ya ƙara zubowa.

"Bari in ja shi," in ji Salisu. Ya kama kusurwa guda ya rataya. Gefen ya sauko taƙi ɗaya ya cije, gadon ya karkace, Dibora ta zame zuwa ga taga ta yi ƙara. Salisu ya saki da sauri yana salati.

Rana ta fara dukan rufin motar. Mutane suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a zuba man gyaɗa, wani ya ce a kira maƙeri. Luka ya share gumi ya kira Labbo a waya.

"Kada kowa ya sake taɓa shi," in ji Labbo. "Naɗe bel ɗin tukuna har su yi tauri, in ba haka ba ya ƙwace, faɗowa zai yi gaba ɗaya. Ka yi?"

Luka ya mayar da makunni. Bel suka naɗe, gadon ya miƙe. "Na yi."

"To nauyi ne bai kai ba."

"Ai tana kai, Malam Labbo. Tana kwance a kai."

Labbo ya ce, "Na ji. Bai dai kai ba, Malam Luka. A ƙara, a tsakiya, ba a gefe ba."

Luka ya sauke wayar ya faɗa wa mutane. Mazan suka sunkuyar da kai. Ba wanda zai hau gadon da matar wani ke kwance. Shi kansa ya ɗaga ƙafa zai taka, bayansa ya riƙe, ya tsaya yana numfashi. Suwaiba ta dubi 'yar tazarar da ke tsakanin katifa da rufi ta ce, "Ni in na shiga nan, sai dai a yanka motar a fitar da ni."

Alheri ta tuɓe takalma. Ta taka bokiti, ta kama ginshiƙi, ta rarrafa ta kwanta a jikin uwarta. Katifar ta jiƙe da gumi. Wurin kamar tanda.

"Danna, Baba."

Gadon ya yi ƙara sau ɗaya, ya fara sauka a hankali, har ya zauna daidai bakin ƙofa.

Mutane suka yi hamdala suka watse. Suwaiba da Alheri suka ɗauki Dibora zuwa tabarma, Luka yana tsaye yana kallon yadda suka ɗauke ta ba tare da ko nishi ba. Ya bi su. Ya durƙusa da ƙyar, ya kama hannun matarsa, ya zagaye damtsenta da yatsu biyu, yatsun suka haɗu.

"Dibora, yaushe kika koma haka?"

"Tambayi 'yarka. Ita ke ɗauka."

Bai tambaya ba. Ya koma wurin kayansa ya zauna. Ciniki bai yi wani kirki ba ranar, mai saye ma sai ya yi magana sau biyu kafin Luka ya ji. Bayan azahar ya dawo rumfar Suwaiba ya tsuguna.

"Mu bar wannan abin," ya ce. "Na gaji, ke ma kin wahala. Ko kuma yarinya ta riƙa bin mu na ɗan lokaci, tunda da ita yake sauka. In ya so baɗi a nemi wata makarantar."

Dibora ta daɗe kafin ta harhaɗa maganar. "A sa ƙarfe."

"Me?"

"Abin da na rage, Labbo ya cika da ƙarfe. Ban haifi 'ya don ta danne gado ba."

"Hanyar Tsafe ta ninka wannan, Dibora."

"Na san Tsafe kafin in san ka."

Suwaiba ta fashe da dariya. Luka bai yi ba, amma da suka shigo Gusau bai nufi gida ba sai da ya biya Tudun Wada. Labbo bai yi tsokana ba wannan karon. Ya gaida Dibora ta taga da ladabi, ya shiga bayan rumfarsa ya jawo tsoffin ƙarafan sifirin guda huɗu, masu nauyin nan na ƙarƙashin babbar mota. Washegari bayan an taso coci ya liƙa su a ƙarƙashin gadon, biyu ta kai, biyu ta ƙafa. Aka gwada da Dibora ita kaɗai. Ya sauko.

Ranar da aka koma makaranta ta zo daidai da kasuwar Tsafe. Alheri ta sa kayan makarantarta, rigar ta ɗage mata. Ita da Comfort suka kwantar da Dibora, suka ɗaure zanen, suka sa gorar ruwa inda hannun hagu zai kai. Gadon ya tashi. Luka ya shirya robobi, ya rufe ƙofa, ya zagaya yana dafe da ƙugu.

"Wuce kada ki makara," in ji Dibora ta taga. "Ni yau yawon buɗe ido za ni."

Motar ta tashi. A bakin layinsu akwai wani rami da ruwa ya ci, tayar baya ta faɗa ciki, Alheri ta hango hannun uwarta ya damƙe ƙarfen taga. Ta tsaya da jaka a kafaɗa har motar ta sha kwana. Ta gane cewa tafiyar nan ba daɗi take yi wa Mama ba, kuma Mama ba za ta taɓa faɗa ba. Ciwo za ta sha har Tsafe, ta sha a dawowa, kowane mako, don ita Alheri ta zauna a aji.